Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Makara Wajen Yankar Katin Asibiti

   Wadda ke bakin murhu ta ɗan janye itace kada tuwo ya kama, wadda ke surfe kuma ta jingine taɓarya, domin maganar tamu ta yau akwai lissafi a cikinta, ba na so ya wuce ku.

Wata baiwar Allah ce daga Kabomo, cikin Ƙaramar Hukumar Bakori, ta sa ɗanta ya rubuto mana takarda. Ta ce maigidanta ya dawo daga majalisa da labarin wai gwamnati ta yi doka, dole kowa ya shiga inshorar lafiya, wanda kuma ya yi jinkiri za a ci shi tara. Sai wani a majalisar ya ce a'a, wannan zancen ƙasar Amurka ne, nan babu wata tara. Da maigidan ya ji haka sai ya ce to shi ke nan, tunda babu tara a bari sai ranar da wani ya kwanta a gidan, sai a je a yanki katin a lokacin. Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba, ga shi tana da juna biyu. Shi ne take tambaya, shin akwai tarar ko babu?

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Mutanen majalisar duk biyun kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya. Amma hukuncin da maigida ya yanke a kai, shi ne nake so mu zauna mu duba tare, cikin ladabi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da Amurkar, tunda daga can zancen ya taso. Suna da wani tsarin gwamnati da ake kira Medicare, wanda shugabansu Lyndon Johnson ya sa wa hannu a shekarar 1965, domin kula da lafiyar waɗanda suka kai shekara 65. An ba mutum wata bakwai ya yi rajista: wata uku kafin watan da zai cika 65, da watan kansa, da wata uku bayansa. Idan wannan ƙofa ta rufe bai shiga ɓangaren da ke biyan kuɗin ganin likita ba, to duk shekara guda cikakkiya da ya yi a waje, za a ɗora masa kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin da zai riƙa biya kowane wata. Ba sau ɗaya zai biya ya huta ba fa. Muddin yana cikin tsarin yana biya, wato ga yawancin mutane har ƙarshen rayuwa.

Ga misali da kuɗi. A shekarar 2025 abin da yawancinsu suka biya a wata shi ne dala 185. Dattijuwar da ta makara shekara uku, an ƙara mata kashi 30, wato dala 55 da rabi. Maƙwabciyarta na biyan 185, ita tana biyan 240 da rabi, likitansu ɗaya, maganinsu ɗaya. A shekara guda ta yi asarar dala 666 a kan jinkiri kawai. Ɓangaren sayen magani ma, wanda suka fara a 2006, yana da tasa tarar: in mutum ya yi kwana 63 a jere ba shi da wata inshorar magani da hukuma ta yarda da ita, ana ƙara masa kashi ɗaya cikin 100 a kan kowane wata da ya zauna haka.

Akwai wanda ake ɗaga wa ƙafa. Wanda ya cika 65 yana kan aiki, kuma wurin aikinsa ko na matarsa ko na mijinta ya yi masa inshora, ba a cinsa tara, don ba a banza ya zauna ba, yana zubi a wani wuri. Ranar da aikin ya ƙare ana ba shi wata takwas ya koma na gwamnati. Da yawa a nan suke faɗawa rami, suna zaton kowace irin takarda da ke hannunsu za ta wadatar, sai an je a ce musu wannan ba ta cikin waɗanda ake karɓa. Ku riƙe wannan maganar ta giɓi tsakanin kati da kati, za mu dawo kanta, don mu ma tana cinmu.

To me ya sa gwamnati za ta ci tsoho tara? Mugunta ce? Ni dai da na fara karanta abin haka na ɗauka. Amma ku da kuke adashi kun fi kowa sanin amsar. A ce ku ashirin ne, kuna zubi duk Juma'a, an yi wata biyar ana tafiya. Ran nan sai ga wata ta aiko wa uwar adashi da zubin mako guda, ta ce a sa ta, kuma ita za a ba kwasar wannan makon domin bikin 'yarta ya matso. Wace uwar adashi ce za ta yarda? Ko ta yarda, sauran za su yarda? In aka bar wannan ƙofa a buɗe, kowa sai ya zauna a gida sai ranar buƙatarsa, asusu kuwa ya wayi gari babu komai a ciki. Haka inshorar lafiya take. Kuɗin masu lafiya ne ke jinyar marasa lafiya. In masu ciwo kaɗai ke shiga, tukunyar ba za ta kai ko'ina ba. Saboda haka kowace ƙasa sai ta nemi dabarar da za ta sa mutum ya shigo tun yana da lafiyarsa. Amurka ta zaɓi ƙarin kuɗi. Wasu ƙasashen suka zaɓi jira.

'Yan'uwanmu na zango a Kumasi da Ankara sun san wannan jiran. Ghana ta kafa nata tsarin tun 2003. Sabon shiga yakan jira wata guda kafin katinsa ya fara aiki, wanda kuma ya bar katinsa ya mutu ya daɗe bai sabunta ba, sai ya sake bin layin jiran kamar baƙo. Sai dai sun cire masu juna biyu daga wannan, tun 2008 ma kyauta ake yi musu rajista.

Yanzu mu dawo gida. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da ita a 2005 zamanin Obasanjo, da sunan NHIS. Shekara da shekaru kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ke cin moriyarta. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a 2018 ya nuna cikin mutum 100 masu shekara 15 zuwa 49, uku ne kacal ke da inshorar lafiya. Sauranmu daga aljihu muke biya, ko in ce daga rumbu da turke. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, kuma dokar ta ce shiga wajibi ne ga duk mazaunin Nijeriya. Wannan shi ne abin da mutumin farko na majalisa ya jiyo, kuma gaskiya ya faɗa. A nan Jihar Katsina kuwa, tun 2018 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda kuke ji ana ce wa KATCHMA.

Mutum na biyu shi ma bai yi ƙarya ba. A tsarinmu ba a cewa don kin kai shekara 50 ba ki taɓa shiga ba, za ki riƙa biyan fiye da 'yar shekara 25. Irin waccan tarar ta Amurka ba mu da ita. Amma muna da tamu, kuma wallahi a ganina tamu ta fi ciwo, domin ba a rubuta ta a rasit, a gadon asibiti ake biyanta. Ita ce kwanakin jira.

Kati ba ya fara aiki ranar da aka biya kuɗi. Ƙa'idojin da NHIS ta fitar a 2012 sun sa kwana 90 tsakanin rajista da ranar da mutum zai fara ganin likita da katinsa. Kowace hukuma, ta tarayya ko ta jiha, tana da adadin kwanakin da take aiki da su, kuma akan sauya su, don haka tambayar farko da za a yi wa ma'aikaci ranar rajista ita ce: ran nawa ga wane wata katin nan zai fara aiki? A sa ya rubuta a bayan takardar. Duk abin da ya faru kafin wannan rana, ko zazzaɓi ne ko tiyata, daga aljihunku ne, kamar ba ku taɓa biyan ko kwabo ba.

To ke mai juna biyu, ɗauko yatsunki mu ƙirga. Mu nan mun saba ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya. Sai ya kai wata biyar ko shida kafin a faɗa wa kowa. Awo kuma da yawanmu sai a wata na bakwai ake fara zuwa, in ma an je. A ce a ranar awon farko malamar asibiti ta ce akwai matsala, jininki ya hau, ko ɗan a gicciye yake, ko jinin jikinki ya yi ƙasa. Maigida ya tashi hankali a tashe ya je ya yi rajista a wata na bakwai. In jiran kwana 90 ne, bakwai da uku nawa ke nan? Goma. An haihu, an yi suna, ana shirin fita wanka, sannan kati zai ce ga ni.

Ba a littafi na karanta wannan ba. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, tana aure a wani ƙauye tsakanin Bakori da Funtuwa. Shekarun baya na je musu da kaka, tsakar gida ba wurin taka ƙafa don masara, na yi wa mijinta wannan bayanin da nake yi muku. Mutumin kirki ne, bai musa mini ba. Ya ce, "Yaya, in sha Allahu da na sayar da waken soya." Da waken ya shiga buhu sai ya ce a bari farashi ya ɗan ɗaga. Da ya ɗaga sai ga bikin ƙanensa. Daga nan sai kuɗin taki. A wata na takwas aka ce mata sai an yi mata aiki. Ya je ya biya kuɗin rajista a guje, aka karɓa, aka ce masa sai ya jira. Ciki kuwa ba ya jira. Aka yi aikin, aka ƙara mata jini leda biyu, Allah ya tashi kafaɗunta, ita da yaron suna nan lafiya. Amma tumakinta uku da keken ɗinkinta da 'yan kunnen da ta gada wurin mahaifiyarta, duk sun tafi a mako guda, kuma a farashin da mai saye ya ga dama, tunda ya ga ido ya yi ja. Abin da aka kashe ya ninka kuɗin katin gidan gaba ɗaya sau da yawa. Har yau ba ta mayar da keken ba.

Ku lura da kayan wa aka sayar. Ba na faɗin haka don in zuga kowa, mazanmu na iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Amma kowa ya san in ciwo ya zo da tsakar dare, ba gona ake sayarwa ba, gona ba ta sayuwa a kwana ɗaya. Akuyar mace ce, da kwallarta, da ɗan jarin ƙuli-ƙulinta ko na taliyarta. Shi ya sa nake cewa wannan magana tamu ce kafin ta zama ta kowa.

Wata za ta ce ai ta ji an ce tiyatar haihuwa ta zama kyauta. E, a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Abin a yaba ne. Sai dai a asibitocin da aka zaɓa ake yi, ba kowane ba, kuma ciki ba tiyata kaɗai ba ne. Akwai awo, akwai gwajin jini, akwai maganin hawan jini, ga jaririn kansa in ya zo da shawara ko zazzaɓi. A tambayi malaman awo tun da wuri wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin shirin, kada sai naƙuda ta kama a fara neman hanya.

Ga wani lissafin kuma da ya shafi kowane gida, ko da mai ciki ko babu. Yaushe yara suka fi kwanciya? Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa, shi ya sa ma a waɗannan watannin ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi. Yaushe kuma aljihun manomi ya fi bushewa? A daidai wannan lokacin. Kuɗi sun tafi taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba. Ciwo da babu, rana ɗaya suke sallama. Kuɗi kuwa yanzu suke hannu, da kaka, ana ɗaure buhunan masara da dawa da waken soya ana kaiwa kasuwar Bakori da Funtuwa da Dandume. Wanda ya yanki kati a Nuwamba ko Disamba, kwanakin jiransa za su ƙare tun cikin sanyi ko farkon bazara, damina ta same shi a shirye. Wanda ya bari sai Agusta da yaro ya fara suma, ya biya kuɗi a lokacin da ya fi kowane wuya, kuma katin ba zai yi masa amfani a wannan ciwon ba.

Da aka ƙaddamar da tsarin tarayya na masu zaman kansu a 2020, wanda ake kira GIFSHIP, naira 15,000 ne kuɗin mutum ɗaya a shekara. An ƙara kuɗin daga baya, kamar yadda komai ya tashi, kuma na jiha da nasa farashin, sai a tambaya a ji na yau. Amma ko nawa ne, maigida ya auna shi da buhu, kada ya auna shi da naira. Buhu nawa ne katin gidan na shekara? Buhu nawa ne kwana biyar a gadon asibiti da ƙarin jini? Manomi ya fi gane wannan ma'aunin.

Kuma kati na shekara ne, yana mutuwa. Wannan ita ce makara ta biyu, wadda ta fi kama masu ƙoƙari. An biya bana, an ji daɗi, an jefa katin a ƙasan akwati, sai ranar da aka je asibiti a ce ai ya ƙare tun watan jiya. Ke da ke gida ke ce za ki riƙe wannan ranar. In ba ki karatun boko, sa yaro ya karanta miki, ki ɗaura ta da wani abu da ba ki mantawa, ki ce katinmu wata guda bayan Mauludi yake ƙarewa, ko kafin azumi da mako biyu. Sai dai ki tuna watannin Musulunci na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka a sake dubawa. A sabunta kafin ya mutu, ba bayan ya mutu ba.

Matan ma'aikata, na san wasunku na cewa wannan ba da mu ake ba, maigida ana cire masa a albashi. To ku matso kusa da rediyo. A tsarin ma'aikatan tarayya, katin ya ƙunshi ma'aikaci, da matar aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mace ɗaya, 'ya'ya huɗu. Wanda ya tsara wannan bai leƙo gidajenmu ba, inda za ki samu mata uku da yara goma sha biyar, ga kaka a ɗakinta, ga ɗan riƙo. Sauran ana iya ƙara su, amma da ƙarin kuɗi, kuma sai an je an yi musu rajista da sunansu. Ko na tarayya ne ko na jiha, abin da nake so ki sani shi ne, sunan wa aka rubuta? Sau da yawa maigida ya cike takardar tun yana da mace ɗaya, ya ƙara aure, aka yi ta haihuwa, bai koma ba. Amarya na zaune tana zaton tana ciki, sai ranar haihuwa.

Ba abin faɗa ba ne tsakanin kishiyoyi, kuma don Allah kada a mai da shi haka. Ni a ganina uwargidan da sunanta ke kan kati ita ta fi dacewa ta ɗaga maganar, ta ce Malam, 'yar'uwata fa da yaranta? Daga bakinta maganar ta fi nauyi, kuma ba wanda zai ce kishi ne. Abu ɗaya da zan roƙe ku, kada wata ta ɗauki katin abokiyar zamanta ta je asibiti da sunanta. Ban da cewa laifi ne, akwai haɗari. Fayil ɗin na ɗauke da rukunin jinin mai katin da cututtukanta da magungunan da jikinta ba ya so. A rubuta naki a nata, wata rana a yi wa ɗayanku magani da bayanin ɗaya.

Sai giɓin nan da na ce ku riƙe. Katin ma'aikaci albashi yake bi. Yaro ya cika 18, ya fita. Maigida ya yi ritaya, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga ke sallama, sai a tarar katin da aka saba da shi ya tsaya. Haka in rasuwa ta zo, ko aure ya ƙare. Duk wadda mijinta ya rage shekara guda ya ajiye aiki, ta tuna masa ya tambayi ofishinsu tun yanzu me zai faru da katin, in kuma sabon tsari za a koma, a yi rajistar da wuri yadda kwanakin jira za su ƙare kafin tsohon ya mutu. Mai shan maganin hawan jini kullum ba zai iya hutun wata uku ba.

Wadda kuma ta ce ni ko buhu ɗaya ba mu da shi, ke ma akwai ƙofarki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Daga cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta ta hannun hukumomin jihohi, kuma waɗanda aka fi dubawa su ne masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman. Jiharmu na da mazaɓu 361, manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti guda da ke cikin shirin. Amma gurbin ƙidayayye ne, ba ya isar kowa. Nan ma makara na da tara, domin ranar da masu rajista suka zo gari, wanda ya fito shi ake rubutawa. Mu da ke cikin gida mu ne na ƙarshen ji. Sai an gama an tafi, yaro ya shigo ya ce ai ɗazu an yi ta ɗaukar hoto a asibiti. Saboda haka ki roƙi maigida, ko ɗanki babba, ko ungozomar unguwarku, su riƙa tambayar incajin asibitin mazaɓarku ko mai unguwa. Kuma a tanadi lambar katin ɗan ƙasa tun kafin ranar, domin ana nemanta, kuma samunta ba aikin yini ɗaya ba ne.

Na san akwai gidajen da abin da ya hana su ba kuɗi ba ne, shakka ce. Wani ya ce inshora caca ce, wani ya ce fatan ciwo ne, wani ya ce rashin tawakkali ne. Ni ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Abin da na sani shi ne, saboda wannan damuwar ce jihohi irin su Kano da Katsina suka gina nasu a kan taimakekeniya, kowa ya zuba, wanda Allah ya jarraba a yi masa jinya daga ciki. Malamai da dama sukan kawo labarin Ash'ariyawa, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su a kan haka. In maigida na da shakka, ya kai tambayar wurin malamin da ya yarda da shi. Wadda kuma ta ce to in na biya shekara ta ƙare ban yi ciwo ba fa, kuɗina sun tafi ke nan? Sai in ce alhamdu lillahi, kin samu lafiya, kuɗinki kuma sun yi jinyar ɗan wata. Gudummawar biki ma da muke kaiwa, ai ba ranar muke cewa a maido mana ba.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Kati ba ya maganin komai. Za ki je wani lokaci a ce wannan maganin babu, je ki saya a kemis. Za ki haɗu da ma'aikacin da zai ga mai kati ya ɗaure fuska, ya fi sakin fuska ga mai kuɗi a hannu. In za a tura ki babban asibiti, Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, sai an bi ta takardar turawa, wani lokaci a ɓata muku yini. Akwai manyan cututtukan da tsarin ba ya ɗauka gaba ɗaya, ma'aikatan tarayya ma suna biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zan daina faɗa wa hukumomi a wannan fili ba. In an ƙi ba ku abin da yake haƙƙinku, a karɓi lambar wayar kai ƙorafi tun ranar rajista, a kira. Amma tsakanin katin da ke ɗaukar rabi ya bar rabi, da babu kati sam, tambayi 'yar'uwata mai keken ɗinki.

Ranar rajistar kuma, tunda ana ɗaukar hoto kuma sai mutum ya je da kansa, a nemi izinin maigida a fita rana ɗaya, ku da yara gaba ɗaya, shi ma yana tare da ku. Da hijabinki za a ɗauke ki, fuska kawai ake buƙata. Wajen zaɓen asibiti kuma kada a bi suna. A zaɓi wanda za a iya kaiwa gare shi da dare, kun dai san halin da hanyoyinmu na wannan yanki suke ciki in rana ta faɗi.

Ke kuma 'yar'uwata ta Kabomo, ba ki gaya mini watannin cikin ba. In bai wuce huɗu ko biyar ba, kina da sauran lokaci, amma na wannan makon ne, ba na bayan an sayar da wake ba. In ya wuce haka, duk da haka a yi rajistar, domin jego da jariri na gaba, sannan a ware buhu biyu ko uku a ce waɗannan na haihuwa ne, ba mai taɓa su. Ki samu Malam bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ki ce kin ji a rediyo tarar da ya ji gaskiya babu ita, amma akwai jira, ki ƙirga masa watannin da yatsu kamar yadda muka yi ɗazu. In ya ce wa ya faɗa, ki ce ya tambayi incajin asibitinku.

Lokaci ya cimmana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardun da suka taru a kan yaye da abincin yaro.